Sau Biyu Na Tambaye Shi Lafiya

Malam Nuhu ya cuce ni da kalma biyu. Ban ce ya harbi kowa ba. Ko wuƙar yanka kaza ban taɓa gani a hannunsa ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce mini lafiya lau, alhali ya san babu ita. A kan wannan amsa na sauke kayan da na riga na ɗaura wa jakina. Yau shi Dakta ne a jami'a, aikinsa koya wa malamai yadda za su koya wa yara zaman lafiya. Ni kuwa ɗan dako ne a Misfala, nan Makka, ba iƙama, wato takardar zama, ba iyali. Bokona aji uku ne, wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

Sunan garinmu Zangon Tsamiya, a gabashin Chadi, kan hanyar alhazai. Iyayenmu sun taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare, aka ce a yi damina ɗaya. Damina ɗaya ta zama ashirin da wani abu. Sunana Garba, baduku ne ni. Ina da rumfa a bakin kasuwa, ina ɗinka takalma da kube da jakunkuna. A gida akwai Inna da ta haife ni, ƙafafunta sun gaji, da matata Asabe, cikinta wata bakwai bayan shekara tara muna jira. Yayana Mamman katanga ɗaya muke da shi.

Malam Nuhu ɗan zangonmu ne, na girme shi da kusan shekara goma. Shi kaɗai ya yi karatu mai zurfi a cikinmu. Ya je birni ya dawo da Faransanci da Larabci da agogo a hannu, aka ba shi makarantar gari. Ba zan hana shi nasa ba, ya iya sulhu. In shanu suka shiga gona, shi ake kira, ya yi ta magana har mai gona da mai shanu su gaji su ci goro ɗaya. Da yamma yakan zauna a rumfata ya karanta mini jarida. Na ɗinka masa jakar littattafai ta jar fata da koren zare a baki, kyauta. Asabe takan ce, "Kai dai in Malam Nuhu ya ce gabas ta koma yamma, juya buzunka za ka yi."

A kakar shekarar daji ya cika da masu bindiga. Ran Talata wasu suka sauka a bakin ƙorama, tafiyar sa'a ɗaya daga gari. Wasu suka ce na hukuma ne, wasu suka ce 'yan tawaye ne da suka sa kakin da suka ƙwace. Har yau ban sani ba. Dattawa suka zauna bayan magariba, suka ce gobe da asuba Malam Nuhu ya je da goro da sukari ya ji abin da suke nema, tunda shi ne mai harsuna.

Laraba ta waye kamar kowace Laraba. Liman ya ja doguwar sura. Zakaran Yaya Mamman ya hau dangarmu kamar kullum, Inna ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Asabe ta dama koko, ta miƙo mini, amma ba ta saki ludayin ba.

"Ɗaura wa jakin nan kaya," in ji ta. "Kwana biyu matan Shuwa ba su shigo da nono ba. Su sun fi ku jin motsin ƙasa."

Ban yi musu ba. Akwai wani dutse mai kogo a gabas, tafiyar rabin yini, inda ake ɓuya tun zamanin da. Na ɗora akumari, na ɗaure gero da tukunya da tabarma biyu da salkar ruwa da kayan aikina. Na bar wa Inna wurin zama a tsakiya. Kafin rana ta ɗaga mun shirya. Na ce su jira ni, in ji ta bakin Malam tukuna. Da ban faɗi wannan ba, da azahar a dutsen za ta same mu.

Da hantsi ya dawo a kan kekensa. Na tare shi ƙarƙashin tsamiya, kafin ya kai ga dattawa.

"Malam, barka da dawowa. Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya Garba."

Wannan ba komai ba ce, kowane Bahaushe ya sani. Ko gawa ce kwance a ɗakinka, in an gaishe ka lafiya lau za ka ce, sai an zauna sannan a faɗi mutuwa. Amma akwai ta biyu. In mutum ya rage murya, ya dubi idonka, ya sake tambaya, to gaisuwa ta ƙare. Wannan tambaya ce, kuma hakki ce a wuyanka. Ko yaro ya san bambancin. Na riƙe kan kekensa da hannu biyu.

"Malam, lafiya dai ko? Na ɗaure kaya. Ka ga yadda Asabe take, ga Inna."

Ya dubi agogonsa. Na tuna wannan sarai, agogon ya fara duba kafin ni.

"Lafiya lau. Je ka sauke kayanka."

Na koma gida na sauke. Asabe tana tsaye a ƙofar ɗaki ta ce, "Sau biyu ka tambaye shi?" Na ce sau biyu. Ta kwance ƙullin zannuwanta ta mayar cikin kwalla. Na juye ruwan salka a randa. Na kai jakin bayan gari, na turke shi a bakin gonar dawa. Gidaje uku na maƙwabta su ma sun ɗaure kaya. Da suka ga na sauke, suka sauke.

Da walaha motar gyaɗa ta tashi za ta yamma. Daga rumfata na hango Malam Nuhu a gaba kusa da direba, matarsa da 'ya'yansa a kan buhuna, jar jakar nan a kafaɗarsa. Wani ya ce birni za shi ya karɓo mana takardar aminci. Na ɗaga masa hannu. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Aka yi azahar. Na koma rumfa ina huda wani takalmi. Daga cikin gidaje ana jin daka, turmi uku ko huɗu suna amsa wa juna. Sai wani abu ya fashe a yamma da kasuwa, kamar an taka busasshen gora. Dakan ya tsaya. Na biyu ya biyo, na uku, daga nan ba a ƙirga.

Na ga Liman ya fito daga masallaci ya ɗaura farin rawaninsa a kan sanda. Ya yi taku kamar goma. Sandar ta riga shi faɗuwa.

"Amrug! Amrug!" Da Larabci suke ihu, wai a fito. Wanda ya fito aka harbe shi. Wanda bai fito ba aka sa wa ɗakinsa wuta. Rumfunan kasuwa na kara ne, suka kama kamar an zuba musu mai. Na bi ta lungun mahauta, na tsallake katanga biyu. Takalmin da nake huda yana hannuna har gida, ban san na riƙe shi ba.

Yaya Mamman na kwance a ƙofar gidansa, buta a gefensa, ruwan yana tsiyaya. Na juya shi. Ba abin da zan yi masa. Na ja rigarsa na rufe masa fuska.

Na sami Asabe ta riƙe Inna a tsakar gida. Na goya Inna. Ba ta da nauyi, kamar damin kara. Na ce Asabe ta bi bayana. Muka fasa danga ta baya. Tsakaninmu da gonar dawa fili ne, bai fi jifa biyu ba.

"Agif!" Wato tsaya. Ba mu tsaya ba.

Na ji Asabe ta ce "wash", a hankali, kamar wadda ta taka ƙaya. Na waiga na ga ta zauna. Harsashin ya shiga ta ƙugu. Ta yunƙura ta koma.

Inna ta dake ni a kafaɗa. "Sauke ni."

Na ƙi.

"Sauke ni na ce. Asabe su biyu ne."

Akwai rumbu a gefen filin. Na tura Inna ƙarƙashinsa, tsakanin duwatsun da ya hau, na ce yanzu zan dawo. Na ɗauki Asabe na shiga dawa da ita. Dawar ta fi ni tsawo. Na kwantar da ita a kunya, na yage hannun rigata na ɗaure wurin. Da na juya zan koma, suna tsaye a filin su biyar, ɗaya yana riƙe da bakin wuta.

Muka kwanta. Na toshe bakin Asabe da hannuna, ta cije ni har jini. Na ji jinka tana ƙara tana zubewa, gida bayan gida. Na ji awaki suna kuka a turke. Na ji wata mace tana kiran suna ɗaya, Habu, Habu, har muryarta ta dushe. Da la'asar harbin ya koma ɗaya-ɗaya. Da la'asar sakaliya na ji sun tafi suna kora shanun gari.

Na rarrafa na koma. Rumbun ya zauna a kan duwatsunsa, geron ciki yana ci. Na sa hannu zan tona, zafi bai bari ba. Na kira ta sau uku. Na koma wurin mai rai.

Jakin yana nan inda na turke shi, yana cin ciyawa. Ba akumari, ba salka, ba gero, ba tabarma. Duk suna cikin gidan da na mayar da su da hannuna. Na ɗora Asabe a gadon bayansa haka nan, na riƙe ta, muka yi gabas kafin rana ta faɗi. A hanya wasu suka riƙa fitowa daga gonaki suna bin mu. Ba wanda ya gaida wani.

Ran Alhamis muka wuce dutsen, ba mu tsaya ba, don daga kansa ana hango hayaƙin wasu garuruwa biyu. Ruwa a tafin hannu na riƙa ɗebo mata daga kududdufi, rabi ya zube kafin in iso. Da azahar muka sami rugar Shuwa suna kwashe bukkoki. Wata tsohuwa ta ba mu nono a ƙwarya, ta dubi ƙugun Asabe, ta dubi cikin, ta kawar da kai.

Ran Juma'a wurin ya kumbura ya fara wari. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Tun safe ta ce mini abin cikin ya daina motsi. Na ce barci yake. Ta ce, "Kai ma ka koyi lafiya lau."

Ran Asabar da hantsi ta ce in sauke ta. Na kwantar da ita ƙarƙashin wata aduwa. Ta ce, "Kada ka riƙe Malam a zuciya. Shi ma yaudararsa suka yi." Ta nemi ruwa. Na tafi ɗebowa. Na dawo da shi a hannu ban sami mai sha ba. Mata biyu daga cikin masu bin mu suka yi mata taimama. Muka haƙa da itace da sakaina. Mu shida muka yi mata salla.

Sauran tafiyar ba ta da labari. Na shiga Sudan. Na bar jakin a bakin iyaka. Na tsinci auduga shekara guda. Na hau jirgin ruwan katako daga gaɓar Sawakin, aka zubar da mu a wani rairayi aka ce Jidda tana gaba kaɗan. Kwana huɗu muka yi a ƙasa. Haka na cika wa iyayena hajjin da suka taso yi, ni kaɗai.

A Misfala na sami ɗakin kwano, mu biyar. Da safe in ɗauki kayan 'yan kasuwa, in an ce masu duba takardu sun shigo unguwa in bi ta bayan dutse. Nan ba a kiran sunana. Ya hammal, ya takruni, wato kai ɗan dako, kai baƙar fata, shi ke nan. Duk ɗawafin da na yi ina sa mutanena a addu'a, kuma saboda maganar Asabe ina sa Malam Nuhu. Shekara huɗu ina roƙa masa Allah a gaban Ka'aba.

Hajjin bana wani muɗawwifi, mai kula da masaukin alhazai, ya ɗauke mu aikin Mina. Manyan alhazai ne daga Nijeriya, na jirgin sama. Ina ɗauke da akwati a ka, ina cewa ɗarik ya hajj, a ba ni hanya, sai na ga jaka a kafaɗar mutumin da ke gabana. Jar fata, koren zare. Ni nakan mayar da ɗinki sau biyu a kusurwa, ba badukun da ke yin haka sai ni da ubana. Mutumin ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ya waigo ya ce, "Hammal, a hankali da akwatin nan." Muryar ba ta sake ba.

Wallahi murna na yi. Da ba kaya a kaina da na rungume shi. Na ce bari in ga ya huta tukuna. Na tambayi mai dafa musu abinci ko wane ne. Ya ce, "Kai, ba ka san Dakta ba?" Ya ce daga Chadi Turai ya wuce, ya rubuta babban littafi a kan sulhu, aka ba shi Dakta. Yanzu yana jami'a, malaman makaranta yake koyarwa, ana kiransa taro ƙasa-ƙasa, har darussan zaman lafiya yake tsara wa yara. Na ce madalla, namu ya zama wani abu.

Rana ta biyu ta jifa, bayan la'asar, alhazan suka roƙe shi ya yi musu jawabi a tanti. Ni aka ba butar shahi. Na tsaya a bakin igiya. Ya gyara tabarau ya ce zai ba su labarin inda ya koyi aikinsa. Ya ambaci Zangon Tsamiya. Ya ambaci goro da sukari.

Ya ce, "Shugabansu ya gaya mini ƙarara, bayan azahar za su shiga. A kan keke na yi ta aunawa. In na faɗa, samari za su ɗauki kwari da baka, mata su ruɗe, jini ya yi yawa. Sai na zaɓi kalma mai sanyi. Gari ya zauna shiru, ba wanda ya ɗaga makami. Shi ya sa mutum kaɗan aka rasa. Darasin farko ke nan da nake ba ɗalibaina, harshen mai sulhu ruwa ne."

Tanti ya ɗauki masha Allah. Wani alhaji ya ce a maimaita masa ya rubuta. Wani ya tambaya yadda shi ya tsira. Ya ce ya tafi neman agaji ne.

Shahin yana zuba a ƙafata ban ji ba. Na so in shiga. Amma Mina ce, ba a jayayya a aikin hajji. Kuma ni wane ne? Takruni mara iƙama ya ɗaga murya a kan baƙon gwamnati, kafin magariba ina cikin mota, sai jirgi. Na zuba musu shahi. Shi ma na zuba masa. Ya ce shukran, bai ɗaga kai ba.

Kwana tara na jira. Masaukinsu na Makka a Misfala yake, layi biyu daga ɗakina. Ranar da za su Jidda na riga kowa zuwa ƙofa, na ɗauki akwatinsa. Da hantsi ne, daidai lokacin da na tare shi ƙarƙashin tsamiya. Na ajiye a bakin mota. Ya sa hannu a aljihu. Na ce da Hausa, "Zaren bakin jakar nan ya fara ci, Malam."

Ya dubi jakar. Ya dube ni. Ya cire tabarau.

"Yaya Garba? Allahu akbar. Kana raye. Lafiya?"

"Lafiya lau."

Na tsaya. Direba yana ta yalla yalla, a yi sauri. Ya dubi agogonsa.

Na ce, "Sake tambaya."

Ya gane. Fuskarsa ta nuna. Ya waiga ya ga alhazai suna kallonmu ta taga, ya rage murya.

"Lafiya dai ko?"

"Ba lafiya ba. Ka ga yadda ake amsawa? Ba wuya."

"Yaya, abin ya daɗe. A ranar na ɗauka gaisuwa kake."

"A tanti ba haka ka ce ba. Ni na zuba maka shahi."

Ya ce in fahimta, gari guda ne a wuyansa, da ya yi shela da abin ya fi haka. Ya fara irin maganar nan tasa mai sa mai gona da mai shanu su gaji. Na bar shi ya kai aya.

Na ce, "Ban ce ka hau tsamiya ka yi shela ba. Ni kaɗai na riƙe kekenka. Naka ka sa su a motar gyaɗa, ba ka yi musu harshen ruwa ba."

Ya zaro hannunsa daga aljihu da abin da ke ciki. Na ce ya mayar, muɗawwifi ya biya ni dako. Ya tambayi su Inna. Wannan ma a bakin gaisuwa ya yi ta.

Na ce, "Asabe ta ce kada in riƙe ka, wai yaudararka aka yi. Da wannan ta mutu. Shekara huɗu ina sa ka a ɗawafi saboda ita. Na cire ka, ban kuma sa ka a wani wuri ba. Ka ce kaɗan aka rasa. Ni ban yi karatun da zan san kaɗan ba, amma na iya ƙirga nawa. Yaya Mamman, ɗaya. Inna, biyu. Asabe, uku. Na huɗun ba a raɗa masa suna ba. In ka koma aji za ka ba su darasin farko, ka ƙara musu da wannan. Jakin a ɗaure yake da kaya tun asuba, Malam. Har wurin zaman Inna na bari."